Katun ɗin siyasa: mu kira shi zanen habaici

1/ Malaman Hausa da na tarihi, ga wata magana da ya kamata mu tsayar. Zanen nan da jaridu ke bugawa a shafin ra'ayi, inda za ka ga mai mulki da ƙaton tumbi, talaka a gefe ƙashi da rai, wane suna za mu ba ɗalibai? In ka ce katun, hankalin yaro ya tafi kan kyanwa da ɓeran talabijin.

2/ Kafafen yaɗa labarai sun saba da "zanen barkwanci". Ban gamsu da shi ba. Barkwanci na abokan wasa ne, a dara a watse, ba a riƙe kowa a zuci. Ɗalibin da ka ce wa barkwanci ne zai yi dariya ya miƙo maka takardarka, a ganinsa ya gama aiki. Alhali ku duba zane-zanen Mustapha Bulama a Daily Trust kan tsadar rayuwa da satar mutane, da yawansu babu abin dariya a ciki, sai takaici.

3/ Wasu sun ce "zanen zambo", kuma sun kusa. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Sa'idu Faru sukan ɗauki aibin abokin hamayyar sarki su kambama shi har kowa ya gane wanda ake nufi. Haka mai zane ke yi da hanci ko kunne ko hula. Sai dai zambo mutum yake muzantawa, shi kuwa wannan zane sau da yawa manufa yake suka, wani lokaci ma babu fuskar kowa a ciki. Don haka mu bar wa zambo gurbinsa: dabarar kambama siffar mutum a cikin zanen.

4/ Ni dai na tsaya a kan ZANEN HABAICI. A habaici ba a kama suna, amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Sunan da kansa yana gaya wa ɗalibi cewa akwai magana a ƙarƙashin magana, kuma tono ta shi ne aikinsa.

5/ Ga yadda abin zai kasance a aji. Ka liƙa zane a allo: mutum cikin babbar riga zaune kan buhun da aka rubuta wa "kasafi", lema a hannun dama, tsintsiya a hagu, wani yaro a ƙasa da kwano wayam. Kada ka fara da tambayar ma'ana. Ka ce su lissafa abin da idonsu ya gani kawai. Daga nan sai: da wa ake? Me ya nuna muku? Wani zai ce lema PDP ce, tsintsiya APC. To me ya sa mutum ɗaya ya riƙe duka biyun? Nan aji ke ɗaukar zafi, don yanzu sun shiga batun sauya sheƙa ba tare da ka furta shi ba. Sai ka tambayi abin da aka kambama, da abin da mai zanen ya ƙi nunawa, da ko sun yarda da shi. Wannan ta ƙarshen kada a tsallake ta, domin mai zane ma yana da ɓangare.

6/ Habaici yana tsufa, shi ya sa ba a ba ɗalibi zane babu kwanan wata. Matashin yau ba lallai ya san mabuɗi alamar jam'iyyar PRP ne ba, gida da masara kuma ta NPN, a zaɓen 1979. Zane-zanen Akinola Lasekan a West African Pilot, jaridar da Azikiwe ya kafa a 1937, sai wanda ya san rigimar neman 'yanci da Turawan mulkin mallaka zai karanta su. Giwar da Thomas Nast ya zana a 1874 kuwa ta yi sa'a, har yau ita ce alamar jam'iyyar Republican a Amurka.

7/ Akwai dalili mai nauyi da ya sa nake son a tsayar da sunan. Bayan zanen da wata jarida ta buga a Denmark a 2005, an yi asarar rayuka a Maiduguri a Fabrairun 2006, haka ma a Damagaram da Yamai a Janairun 2015 kan na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa. Waɗancan sunansu zanen ɓatanci, kuma nan za su tsaya. Iyaye da dama har yau in sun ji za a koya wa yara zanen jarida, can hankalinsu ke zuwa. Malamin da ke da kalmomi biyu daban zai iya yi musu bayani a tsanake.

8/ Saura abin da Turawa ke kira satire, wanda ya fi zane faɗi, don ya haɗa rubutu da wasan kwaikwayo da waƙa, har da irin kwaikwayon da 'yankama da yaran tashe ke yi wa manya. A nan gugar zana nake ba shawara. An ce mini habaici ya yi kama da faɗan kishiyoyi, bai dace da littafin makaranta ba. Ai a darasin adabin baka tuni muke koyar da zambo da habaici a sakandare. Ɗalibi ya riga ya san su, zanen kawai za mu ajiye masa kusa da waƙar.