Shin kwamfutar hannu za ta kori laftof daga gidaje?

Alhaji Sabo: Salamu alaikum jama'a. Ra'ayina shi ne kwamfutar hannu, wato tab, ita za ta mamaye kasuwar kwamfutar gida, laftof da ta tebur su koma ofis. Abin da ake yi da kwamfuta a gida bai wuce kallo da karatu da kiran bidiyo da darasin yara ba. Apple ya fito da iPad a Afrilun 2010 kan dala 499. Ba a cika shekara uku ba ƙananan laftof masu araha irin Eee PC suka mutu murus, Asus da Acer suka daina ƙera su a ƙarshen 2012. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awai.

Injiniya Hadiza: Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya ƙara girma, rabin labarin ka kawo. Gaskiya ne cinikin kwamfuta a duniya ya kai ƙololuwa a 2011, kimanin miliyan 365, ya gangaro zuwa wajen miliyan 260 a 2018. Amma ita ma tab ta yi tashe ta sauka: kimanin miliyan 230 a 2014, kafin 2019 ta faɗo ƙasa da miliyan 150. Da korona ta zaunar da mutane a gida, aiki da makaranta suka dawo falo, cinikin kwamfuta ya koma wajen miliyan 340 a 2021. Abin da tab ta yi shi ne ta cinye kwamfuta ta biyu a gida, ta kuma sa mutane suna daɗewa kafin su sauya ta farko.

Usman Sola: Ni ina bayan Alhaji, amma ta wajen wuta. Batirin tab mai inci goma yakan ɗauki wat-awa 27 zuwa 30, wato ma'aunin wutar da batir ke riƙewa. Fawa banki mai 20,000mAh yana ɗauke da wat-awa 74 a lissafi, in an cire abin da ke ɓacewa a zafi da juyin wuta saura wajen 55 zuwa 60. Caji biyu ke nan, kowanne ya yi kusan wuni. Tsohon laftof mai caja zagaye yana son bolt 19 da ɗoriya da wat 45 ko 65, fawa bankin waya ba zai tayar da shi ba, sai wanda aka yi don haka ko inbata. Ta tebur da allonta takan ja wat 100 zuwa sama. Gidan da ke ganin wuta awa huɗu a rana, wannan lissafin ne ke yi masa zaɓi.

Malam Bala: Usman, a caji ka yi nasara, a gyara ka faɗi. Abokiyar takarar tab a kasuwar Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Legas ba sabuwar laftof ba ce, tokumbo ce, wato wadda aka yi amfani da ita a waje aka shigo da ita. Ɗauki HP EliteBook 840 G3. Ka kwance kusoshin ƙasa, ka ɗaga murfi: ga gurbi biyu na ram, wato ma'ajiyar wucin-gadi da na'ura ke aiki da ita, ga ma'ajiya da ake zarewa, ga batir. Ka mayar da ram daga giga 4 zuwa 8, ka sa SSD, ma'ajiya mai sauri, a madadin tsohon faifai, cikin rabin awa na'ura ta zama wata. Tab kuwa ram da ma'ajiya a like suke da dalma a jikin allon ciki, yadda ka saya haka za ta tsufa. Gilashinta da gam aka manne. Kafin ka kai ga batir sai ka gasa gefe da iska mai zafi, ka bi da siririn roba a hankali, in hannu ya zame ka tsinke igiyar taɓawa, gyaran batir ya zama gyaran fuska. Waɗanda ba su da suna kuma, fuskarsu ba ta samuwa sam a kasuwa. Ramin caji shi ne na farkon mutuwa a hannun yara, saboda suna kallo caja na jone.

Injiniya Hadiza: Duk wannan gaskiya ne, sai dai inda tab ta girgiza kasuwa ba a kan kanta ba ne, a cikin ciki ne. Shekaru da dama kwamfutar gida furosesar Intel ko AMD ce, wato ƙwaƙwalwar na'urar, da Windows, masu ƙira irin HP da Dell da Lenovo suna fafatawa kan riba ƙanƙanuwa. Tab ta zo da furosesa ƙirar ARM, mai cin wuta kaɗan, ba fanka. Waɗanda suka yi gaggawar shiga sun ƙone hannu. HP ya janye TouchPad a 2011 bayan kwana 49 a kasuwa, ya karyar da farashi zuwa dala 99. Microsoft ya fito da Surface RT a 2012, Windows ce a ido amma ba ta karɓar tsofaffin manhajojin Windows, ya yi asarar kusan dala miliyan 900 a kanta a 2013. Amma a Nuwamban 2020 Apple ya sa furosesarsa M1, ƙirar ARM, a laftof ɗinsa MacBook Air, wadda ba ta da fanka, a 2021 ya sa irinta a iPad Pro. A 2024 laftof masu furosesar Snapdragon X ta Qualcomm, ita ma ƙirar ARM, suka shigo ɓangaren Windows. Wato laftof ce ta kwashi kayan cikin tab. Wanda ya ji jiki Intel ne, ba laftof ba.

Alhaji Sabo: To ai kin ƙarfafa ni, Injiniya. In cikinsu ɗaya ne, ka haɗa kibod, Samsung na da DeX mai sa tab ta yi aiki kamar kwamfuta, iPad na karɓar maus tun 2020. Me ya rage?

Malama Rabi: Manhaja ta rage, Alhaji. Excel na tab ba ya tafiyar da makiro, wato jerin umarni da ke yin aiki da kansa, don haka takardar lissafin da aka gina da shi ba za ta yi aikinta ba. In fuska ta wuce inci 10.1, Microsoft na neman kuɗin rajistar wata ko shekara kafin ka yi gyara a Word. Tsohuwar firinta irin HP LaserJet 1020 tana jiran kwamfuta ta tura mata manhajarta ta kebul, tab kuwa firinta mai aiki da Wi-Fi take so. Sannan tun 2015 jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yi. Yaron da bai saba da kibod da maus ba, minti nawa zai ɓata yana lalube? Kuma in ka tara kuɗin tab mai ƙarfi da kibod ɗinta da alƙalaminta, sau da yawa ka wuce kuɗin tokumbo mai kyau.

Usman Sola: Akwai kuma abin da Malam Bala bai faɗa ba. Microsoft ya rufe tallafin Windows 10 a 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 na neman sashen tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesar Intel zubi na takwas zuwa sama. Wannan 840 G3 zubi na shida ce. A hukumance an bar ta a baya.

Malam Bala: An bar ta, amma tana karɓar Linux Mint a madadin Windows, ko mai saye ya ƙara kuɗi ya ɗauki ThinkPad T480, zubi na takwas. Tab mai araha fa? Da yawa sabuntawar Android ɗaya suke samu, wasu ko ɗaya babu, kuma ba ka da hanyar sa mata wani abu daban. Ranar da manhajar banki ta ce tsarinka ya tsufa, magana ta ƙare.

Injiniya Hadiza: Alhaji, wadda ke cin kasuwar tab ma ba laftof ba ce, waya ce. Waya ta kai inci 6.7, da layi a ciki, tana aljihu. Shi ya sa Infinix da itel suke fito da tab masu ɗaukar layi, su ba mai waya dalilin sayen na'ura ta biyu.

Alhaji Sabo: Ban janye ba, amma na rage. Gidan da yaransa ke firamare, tab mai ram giga 4 zuwa sama, da riga mai kauri da gilashin kariya, ta ishe su. Malama, daga wane aji za ki ce a sauya?

Malama Rabi: Daga ajin farko na babbar sakandare, ranka ya daɗe. Ya samu shekara uku yana buga kibod kafin JAMB. Kafin nan ma a sayo kibod da maus na kebul da ɗan mahaɗin OTG mai haɗa su da ramin caji, a jona wa tab ɗin, in dai tana karɓa. A gwada a shago kafin a biya, don ba kowace ke karɓa ba.