Samfurin Air Beetle a FlightGear: siffa ta yi kyau, amma tashi da sauka sun ƙi daidaita

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ni ɗalibin injiniyanci ne a nan Kano, kuma wata 5 ke nan ina gina samfurin jirgin Air Beetle domin FlightGear, manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama wadda ake saukewa kyauta, kuma kowa yake da damar buɗe cikinta ya gyara. Na zaɓi wannan jirgi ne saboda na gida ne, a Kaduna aka harhaɗa shi domin horar da matuƙan Rundunar Sojin Saman Nijeriya, bisa tsarin RV-6A na kamfanin Van's Aircraft da ke Amurka. Burina shi ne in ga ya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano a allon kwamfutata kamar yadda na gaske zai tashi.

Siffar jirgin na zana ta a manhajar zane ta Blender, na fitar da ita a tsarin fayil na AC3D, farfela tana juyawa, fukafukai da jela kuma suna amsa sandar tuƙi. Lissafin tashi na yi shi da YASim, ɗaya daga cikin tsare-tsaren da FlightGear take amfani da su wajen lissafa halin jirgi a cikin iska, kuma a nan gizo yake saƙar. Da na gwada shi a Kano da yanayin da manhajar take ɗaukowa kai tsaye ta intanet, sai na ga hawansa bai kai abin da takardar bayanan RV-6A ta nuna ba, saboda haka na ƙara ƙarfin injin daga doki 180 zuwa 230 har lambobin suka zo kusa. Sai dai idan na rage wuta zan sauka, jirgin ba ya yarda ya zauna, yakan yi ta shawagi dab da kwalta har ya cinye rabin titin sauka mai lamba 06, kuma wannan yana nan tun kafin in taɓa injin. Bayan haka, idan yana tsaye, tayoyinsa sun nutse a cikin kwalta har rabinsu.

Ina neman shawara: shin in bar YASim in koma JSBSim, wani tsarin lissafin tashi na daban, tunda na ji ana cewa ya fi kusa da gaskiya? Idan haka ne, a ina zan samo lambobin da yake bukata?

Injiniya na Sharaɗa ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, Allah ya yi wa aikin albarka, amma kada ka yi gaggawar sauya sheƙa, domin abin da ka bayyana ba laifin YASim ba ne, kuma idan ka koma JSBSim da waɗannan lambobin, matsalar za ta bi ka can.

Ya kamata ka fahimci yadda kowannensu yake tunani. JSBSim, wanda Jon Berndt ya soma a 1996, jadawalai yake ci: kai ne za ka gaya masa yawan ƙarfin ɗagawa da na turjiyar iska a kowace kusurwa da fiffike yake fuskantar iska, shi kuma ya bi abin da ka rubuta ba ƙari ba ragi. Idan lambobinka na gaskiya ne za ka samu jirgi na gaskiya, idan na kintace ne za ka samu kintace mai kama da ilimi. YASim na Andy Ross ta wata hanya yake bi. Kana ba shi siffar jirgin da nauyinsa da injinsa, sannan ka ba shi yanayi biyu, gudun tafiya a wani tsayi da gudun gangarowa sauka, shi kuma ya yi ta juya lissafi har ya samo turjiya da ɗagawar da za su haifar da waɗannan gudun biyu. Ke nan duk kuskuren da ya shiga waɗannan layuka biyu zai bazu cikin jirgin gaba ɗaya.

Shi ya sa nake so ka buɗe fayil ɗin ka dubi lambar da ka rubuta a gudun tafiya. Takardun RV-6A da mil na tudu suke ba da gudu, YASim kuwa mil na teku a awa yake karantawa, wanda kowane ɗaya daidai yake da kilomita 1.852, wato kusan mil na tudu 1.15. Mu ɗauka takarda ta ce 190, kai kuma ka kwafe ta yadda take, alhali 165 ya kamata ka rubuta. Ƙarfin da jirgi yake bukata yana ƙaruwa ne da ninkin gudu sau uku a kan kansa, don haka wannan ɗan bambanci na kashi 15 cikin 100 yana nufin ka umarci manhajar ta samo jirgin da zai yi aikin da ke bukatar ƙarin fiye da rabin ƙarfin injinsa. Ba ta da mafita sai ta zaftare kusan kashi ɗaya bisa uku na turjiyar iska, kuma jirgin da ba shi da turjiya ba ya son sauka. Ina kyautata zaton shawagin da kake gani a kan titi na 06 ke nan.

Ƙarin dokin da ka yi kuwa, ka janye shi yau ɗin nan. Da ka kai injin 230 ba tare da ka taɓa gudun tafiya ba, manhajar ta mayar da wani ɓangare na turjiyar da ta cire, sai kurakurai biyu suka shiga rufa wa juna asiri. Wannan shi ne a garin neman gira a rasa ido.

Idan wata rana ka yanke shawarar komawa JSBSim, manhajar Aeromatic za ta fitar maka da fayil na farko daga 'yan lambobi kaɗan, amma ka ɗauke shi a matsayin harsashi kawai. Fiffiken RV-6A yana da siffar da ake kira NACA 23013.5, kuma rahotannin gwajin dangin wannan siffa suna nan kyauta a rumbun takardun NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka. XFOIL na Mark Drela, wani shirin kwamfuta, zai lissafa maka halin siffar, sai dai yana ɗaukar fiffiken kamar ba shi da ƙarshe, kuma ba a dogara da shi bayan kusurwar da ɗagawa take yankewa. OpenVSP kuwa, shi ma shirin kwamfuta, yana duban jirgin dukansa. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka kwafi jadawalan jirgin Cessna 172P da ke zuwa tare da manhajar, kamar yadda da yawa suke yi. Faɗin fukafukan Cessna ƙafa 36 ne a kan fili mai murabba'in ƙafa 174, na RV-6A kuwa ƙafa 23 ne a kan murabba'in ƙafa 110. Gajeren fiffike irin wannan yana jawo turjiya mai yawa idan gudu ya ragu, saboda haka halinsu a wajen sauka ba ɗaya ba ne ko kusa. Ka kuma rubuta a bayanin samfurin cewa lambobin RV-6A ka yi amfani da su, tunda an yi wa Air Beetle gyare-gyarensa.

Tsohon Matuƙi ya rubuta:

Injiniya ya gama da lissafi, ni kuma zan yi magana a kan hawan da ka ce bai kai ba, domin a ganina, ɗana, jirginka gaskiya ya gaya maka tun farko, kai ne ka ƙaryata shi.

Lambobin hawa da ka gani a takardar, na rana ce ta ƙa'ida: a bakin teku, zafi 15 a ma'aunin Salshiyas, matsin iska 1013.25 a ma'aunin miliba. Kano ba bakin teku ba ce, filin jirginmu yana kan tsayin kusan ƙafa 1,560, inda zafin ƙa'ida bai wuce 12 ba. To ka ɗauki azahar ɗin watan Afrilu da ma'auni yake nuna 40. Tsakani akwai 28, kuma abin da aka koya mana tun muna ɗalibai a Zariya shi ne kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi daidai yake da ƙarin tsayin kusan ƙafa 120. Idan ka haɗa, jirgin da ke tsaye a kan kwaltar Kano yana shaƙar iska irin ta tsayin kusan ƙafa 4,900. Injin da ba shi da na'urar cusa iska yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000, ke nan wajen kashi 15 ya tafi kafin ka saki birki, ga farfela ba ta samun abin kamawa sosai, ga fiffike yana neman ƙarin gudu kafin ya ɗauka.

Ba na mantawa da wata rana a bazara da na tashi da ƙaramin jirgi daga nan, tankuna cike, hannuna yana zamewa a kan sanda saboda gumi. Alamar da muka saba wucewa muna sama da sassafe, a ranar mun wuce ta tayoyi suna ƙasa, kuma da muka ɗaga, allurar hawa ta tsaya a wani wuri ta ƙi gaba duk da wuta tana ƙarshe. Babu abin da ya lalace a injin, iskar ce ta yi sirara. Samfurin da bai nuna wannan kasala a Kano ba, ni ban yarda da shi ba, komai kyan fentinsa.

Saboda haka ka kai jirgin Legas, wadda filinta yake dab da tsayin teku, ka kashe yanayin intanet, ka rubuta zafi 15 da matsi 1013 da hannunka, babu iska, ka cika nauyi, sannan ka auna nisan tashi da hawa a minti ɗaya da gudun da fiffike yake daina ɗaukar jirgi. Sai sun yi daidai a can za ka dawo da shi gida. Ka kuma nemi wanda ya taɓa tuƙa jirgin ya zauna ya gwada, domin akwai abin da takarda ba ta faɗa, kamar ko jirgin yana karkarwa kafin ɗagawa ta yanke, da ɓangaren da yake faɗawa idan ta yanke. Tsofaffin matuƙan sojin sama da suka koyi tuƙi a kansa suna nan a Kano da Kaduna, kuma ba na jin za su ƙi saurayin da ya je musu da ladabi.

'Yar Gwale ta rubuta:

Baba Kyaftin, Allah ya ƙara lafiya. Ni batun tayoyin zan taɓa, tunda na sha wannan wahala. Malam, a YASim lambobin da ake ba taya ba na tsakiyarta ba ne, na ƙasanta ne, wato wurin da roba take taɓa kwalta lokacin da ƙafar jirgin take miƙe babu nauyi a kanta. Tunda ka ce rabinsu ne daidai ya nutse, kusan tabbas tsakiyar tayar ka auna a Blender. Ka sauke lambar tsaye da rabin tsayin tayar, sannan ka yi la'akari da ɗan matsewar da ƙafar take yi idan nauyi ya hau. Ka kula kuma cewa a YASim layin X gaba yake kallo, Y kuma hagu, alhali a siffar da ake gani X baya yake kallo, Y kuma dama, duka da mita. JSBSim yana bin irin na siffar, amma akasarin fayilolinsa da inci aka rubuta su.

Idan kana so samfurin ya shiga FGAddon, rumbun jiragen manhajar, dole ne komai nasa ya dace da lasisin GPL, wanda yake ba kowa damar kwafa da gyarawa, har da hotunan fenti da ƙarar inji. Hoton da ka ɗauko daga intanet ba tare da izinin mai shi ba zai hana a karɓa, kuma kada ka kuskura ka je ɗaukar hoto a sansanin soja ba da izini ba. Ina kuma roƙonka ka tausaya wa kwamfutocinmu, domin yawancin waɗanda za su sauke jirgin nan ba su da manyan na'urori, kuma kusoshin da ka zana ɗaya bayan ɗaya za a iya nuna su a hoton fenti. Ka riƙa ajiye aikin a Git, manhajar da ke adana tarihin kowane gyara, kana sauya lamba ɗaya kacal kafin kowane gwaji. Ni sai da aka ɗauke wuta ina tsakiyar gyara na rasa aikin mako 2 kafin na koyi wannan.

Ɗan Fagge ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya, kamar kana tsaye a bayana lokacin da nake rubuta fayil ɗin: da gudun tafiya da na sauka duka da mil na tudu na shigar da su. Na mayar da su na teku, na dawo da injin doki 180, kuma yanzu idan na rage wuta jirgin yana gangarowa da nauyinsa, har saukata ta farko ta zo da ƙarfi saboda hannuna ya saba da tsohon halinsa. Malama, tayoyin ma sun fito, ƙasansu yana kan kwalta.

Baba Kyaftin, na yi gwajin Legas sau 3 da yanayin da ka ce, kuma hawan ya zo kusa da na takarda ba tare da na ƙara ko doki ɗaya ba. Da na dawo Kano na sa zafi 40, sai ya ci titi da yawa kafin ya ɗaga, yana hawa a kasalance kamar yadda ka kwatanta. Abin da ya rage shi ne idan ɗagawa ta yanke, hancin yana sunkuyawa a hankali ba tare da wata karkarwa ba, kuma ba zan taɓa wannan lambar ba sai na samu wanda ya tuƙa jirgin ya gwada. Idan da hali, Baba, zan so in kawo maka kwamfutar da sandar tuƙi ranar Asabar bayan la'asar, ka fara ji da hannunka.