Neman shawara: duk abin da na zana roba yake fitowa, ƙarfe roba, dutse ma roba

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah masu zane da kwamfuta ku agaza min da shawara don abin nan ya fara isata. Da manhajar zane ta Krita nake aiki da ɗan ƙaramin allon zane mai alƙalami, layi dai alhamdulillah hannuna ya fara zama, amma da na zo sa kala sai komai ya lalace. Yanzu haka wani mayaƙi nake zanawa, yana da hular ƙarfe da ɗamarar fata, bayansa kuma katangar dutse ce, to wlh hular da ɗamarar da katangar duk iri ɗaya suka fito, sumul-sumul kamar abin wasan yara na roba, kala ce kawai ta bambanta su. Na sauke burushi kala-kala, na dutse, na fata, na tsatsa, ina dannawa sai abin ya zama kamar datti aka watsa a kan hoton. Yadda nake yi, ina zuba kala, in buɗe sabuwar leya, wato wani shafi garai-garai a saman zanen, in sa baƙi in rage masa ƙarfi ya zama inuwa, in sa fari ya zama haske, sannan in goge tsakaninsu ya haɗe. Shin burushin ne ba su da kyau ko sai na koma Photoshop ne?

Mai Burushi Dubu:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kar ka wahalar da kanka, nemo hoton dutse na gaske ka ɗora a saman katangar, ka mai da leyar zuwa obale (Overlay, yanayin da yake haɗa hoton da kalar da ke ƙarƙashinsa) ka rage ƙarfinta zuwa kamar kashi 30, shikenan an wuce wajen. Haka da yawa suke yi in aiki ya matse.

Tsohon Hannu:
Malam Ɗan Koyo zauna a Krita ɗinka, ba ta da laifi, in ka koma Photoshop robar za ta bi ka can. Burushin ma ajiye su tukuna.

Abin da ido yake gani ya ce wannan ƙarfe ne wancan dutse ne, yadda jikin abun yake yi da haske ne. Kai kuma haske iri ɗaya ka ba su duka, fari mai laushi a gefe, baƙi mai laushi a ɗaya gefen, ka goge tsakani, to wannan shi ne ainihin yadda roba take karɓar haske, shi ya sa duk suka zama roba.

Kafin komai faɗa min, daga ina hasken hotonka yake zuwa? In ka tsaya tunani kafin ka amsa to nan matsalar ta fara. Zana 'yar kibiya a wata leya ka bar ta a nan har ka gama, hasken daga sama ta hagu misali, kuma guda ɗaya tak. Sai ka raba kowane abu gida 2 kawai, inda haske ya taɓa da inda bai taɓa ba, da burushi mai kaifin baki, babu gogewa. In hular ba ta yi kama da abu mai kumburi da wannan kaɗai ba, ko burushi nawa ka danna ba za ta gyaru ba.

Sai babban abin da mutane suke tsallakewa: kaushin abu ba ko'ina yake fitowa ba. Inda ya fi fitowa shi ne bakin iyaka, daidai inda haske yake ƙarewa inuwa take farawa, saboda a nan hasken yake shafar jikin abun a kwance, kowane ɗan tudu sai ya jefa doguwar inuwa. Duba watan da ke sama. In ya cika sai ka gan shi shafal kamar faifai, amma in rabi ne, ramukan nan duk a kan layin da ya raba haske da duhu suke bayyana. Da inuwoyin kan wannan layin Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, ya gane akwai duwatsu da ramuka a wata, har ya buga zanensu a 1610. To katangarka ma haka, kaushi da yawa a bakin iyaka, kaɗan a cikin haske, cikin inuwa kuwa kusan babu, bar ta ta huta. Kai ka watsa burushin ko'ina da ƙarfi ɗaya, dole ya zama datti.

Ɗan Koyo:
Gsky oga ban taɓa tsayar da inda haske yake zuwa ba, duk gefen da na ga ya yi fayau nake sa wa inuwa. To amma in ban sa baƙi ba me zan yi inuwar da shi?

'Yar Fenti:
Baƙin nan da kake rage wa ƙarfi shi yake kashe maka kala ɗan'uwa, yana mai da komai toka-toka. In a waje mayaƙin yake da rana, hasken rana yana da ɗumi, ɗan rawaya-rawaya, inuwa kuma shuɗin sama ne yake zubowa cikinta, don haka ta fi karkata zuwa shuɗi ko shunayya. Sa leyar inuwar a maltifilai (Multiply, yanayin da yake ƙara wa abin da ke ƙarƙashinsa duhu) ka zaɓi shuɗi mai ɗan duhu maimakon baƙi, za ka ga bambanci nan take. Ƙasan haɓa da ƙasan hula kuma hasken da ya bugi ƙasa ya dawo ne yake shiga, shi yana ɗauko kalar abin da ya buga. Amma ka yi hattara da shi, masu koyo suna son su haska shi sosai don yana da kyau a ido, sai kumburin abun ya mutu. Wuri mafi haske a cikin inuwa ya zama bai kai wuri mafi duhu a ɓangaren haske ba.

Baƙi sosai ajiye shi sai inda abu biyu suka matse, ƙarƙashin ɗamarar inda ta kwanta a jikin riga, tsakanin dutse da dutse, can cikin tsaga, inda haske ba ya iya kutsawa ta kowane ɓangare.

Kuma ka daina goge komai dan Allah. Inuwar da take bin lanƙwasar abu ita ce mai laushin baki, wadda abu ya jefa a kan wani abu bakinta da kaifi, musamman kusa da gindin abun, tana nisa tana yin laushi. In duk ka goge su sun zama ɗaya ido ba ya gane me yake kallo.

Ɗan Tiridi:
Bari in shigo ta ɓangarenmu na masu Blender, manhajar tiridi (3D, inda ake gina abu da kumburinsa a kwamfuta), don mu lamba muke ba abin nan. Abu 2 muke tambaya a kan kowane jiki: ƙarfe ne ko ba ƙarfe ba, sannan kaushinsa nawa ne daga 0 zuwa 1. A 0 madubi ne, ƙyallin ɗan ƙarami mai kaifi, kana matsawa zuwa 1 ƙyallin yana faɗi yana dushewa har ya ɓace. Fata tana wajen tsakiya, busasshen dutse yana can kusa da 1. Girman ƙyalli da kaifin bakinsa kawai in ka canza, ka canza abin da aka yi abun da shi.

Ƙarfe kuma daban yake da kowa. Roba, gilashi, fenti, irin waɗannan wajen kashi 4 cikin 100 kawai suke mayarwa a matsayin ƙyalli in ka kalle su gaba da gaba, ruwa wajen kashi 2, amma gogaggen ƙarfe fiye da rabi yake mayarwa, azurfa ma ta haura 90. Ma'ana hular nan taka kusan ba ta da kalar kanta, abin da ke kewaye da ita take nunawa, sama a samanta, ƙasa a ƙasanta, da wani layi mai duhu a tsakiya inda sama da ƙasa suka haɗu. Shi ya sa a ƙarfe za ka ga haske ƙal ya jingina da duhu ƙirin babu wata doguwar gangara tsakaninsu. Ka zuba toka ka goge a hankali, ba za ta taɓa zama ƙarfe ba. Sannan zinare da jan ƙarfe suna rina ƙyallinsu da kalarsu, na zinare rawaya ne, amma jan ƙwallon roba ƙyallinsa kalar fitilar ne, fari in fitilar fara ce.

Akwai kuma wanda ake jingina wa Fresnel, wani masanin haske ɗan Faransa: duk abu in ka kalle shi a karkace ya fi ƙyalli. Tsaya a bakin ruwa mai tsabta, kusa da ƙafarka kana ganin ƙasan ruwan, can nesa kuwa sama kawai kake gani a kansa. Don haka gefen abu mai santsi yakan ɗan ɗauki hasken bayansa.

Blender kyauta ce, ko ba za ka koyi tiridi ba sauke ta ka ajiye ƙwallo ɗaya da fitila ɗaya ka riƙa jan lambobin nan kana kallo.

Mai Burushi Dubu:
Duk wannan karatu ne mai kyau amma ni dai na ce hoto yana aiki, masu zanen fim da wasannin kwamfuta ma suna ɗora hotuna, ba haramun ba ne ai.

Tsohon Hannu:
Ba wanda ya ce haramun ne malam, suna yi, amma bayan sun gama gina haske da inuwa suke ɗorawa, kuma sun san me suke nema. Hoton dutse da nasa hasken yake zuwa. In an ɗauke shi rana tana dama, kai naka hasken yana hagu, duk ƙananan inuwoyin za su juya baya, mai kallo ba zai iya faɗin me ya faru ba amma zai ji wani abu bai zauna ba. Sai ka juya hoton, ka lanƙwasa shi ya bi jikin abun, ka goge shi a cikin inuwa, ka kuma tabbata mai hoton ya yarda a yi amfani da shi. Wanda bai iya tsayar da haske ba tukuna, obale ɓoye masa ciwon kawai za ta yi.

Ɗan Koyo ga yadda za ka yi tsaga da hannunka, don ita ce rabin aikin dutse. Haskenka daga sama ta hagu ko? Ja layi mai duhu, kar ya zama kauri ɗaya, ya yi kauri ya sirance ya karye. Sai ka sa siririn haske a leɓensa na ƙasa ta dama, don wannan leɓen ne yake fuskantar hasken. In kuma tudu ne sai ka juya, haske a sama ta hagu, inuwa a ƙasa ta dama. Da ka musanya su ramin zai koma tudu. Haka za ka yi wa karce a jikin hular da ramukan ɗinki a ɗamarar. Dutsen kansa ka ɗauke shi a matsayin fuskoki ne masu kusurwa, kowace fuska da nata matakin duhu gwargwadon yadda ta kalli haske, kar ka mulmula shi.

'Yar Fenti:
Ƙari a kan ɗamarar, fata ƙyallinta mai faɗi ne kuma a kakkarye yake saboda ƙananan ramukan jikinta, a nan ne burushinka na fata zai yi amfani, ka sa shi a cikin ƙyallin kaɗai ba a duk ɗamarar ba. Gefuna da inda maɗauri yake cizo sun fi koɗewa, sa musu kala mai ɗan haske. Tsatsa kuma kar ka yayyafa ta ko'ina, inda ruwa yake kwanciya take taruwa, gindin ƙusa, cikin lungu, ta ɗan zubo ƙasa, kuma duk inda ta ci babu ƙyalli a wurin kwata-kwata, wannan bambancin na wuri mai ƙyalli da wuri busasshe shi zai sa a yarda tsohon ƙarfe ne.

Fuskar mayaƙin ma ka kula, fatar mutum haske yana ɗan shiga cikinta ya fito da ja, kara yatsunka a bakin tocila cikin duhu ka gani. Don haka iyakar haske da inuwa a fuska ka ɗan sa mata ja-ja, kunne da hanci ma haka in haske yana bayansu.

In kana son ganin gwanaye, buɗe zanen Rembrandt, mai zane ɗan ƙasar Holan, ka yi zumin, wato ka ƙara girmansa, a kan sulke ko sarƙa, fentin ya yi kauri ya yi kaushi a inda haske yake, inuwar kuma siririya ce shiru. Tun ƙarni na 17 ke nan, babu leya babu komawa baya.

Ɗan Koyo:
Kai jama'a Allah ya saka da alheri. Na cire leyoyin burushin duka na sa kibiyar, na yi wa hular sama da ƙasa da layin duhu a tsakiya kamar yadda Ɗan Tiridi ya ce, wlh ta fara zama ƙarfe. Amma katangar yanzu da na fara yi mata tsaga ɗaya-ɗaya sai ta fi mayaƙin jan ido, kuma duwatsun sun yi yawa, haka zan bi su duka?

Tsohon Hannu:
A'a kar ka bi su duka, za ka gaji a banza kuma ka ɓata hoton. Zaɓi kaɗan waɗanda suke kusa da mayaƙin ko bakin inuwarsa ka yi musu aiki sosai, sauran ka nuna alama kawai, ido zai cike. Abu yana nisa kaushinsa yana ɓacewa, tazarar haskensa da duhunsa tana raguwa. Mafi haske da mafi duhu na duk hoton ka ajiye su a kan hula da fuska, katangar ta zauna a tsaka-tsaki.

Don ka gwada, buɗe leya a can sama ka cika ta da baƙi ka mai da ita yanayin kala (Color), hoton zai koma fari da baƙi, sai ka rage shi ya zama ɗan mitsitsi a sikirin. In katangar ce ta fara kama idonka, rage mata. Danna M a Krita kuma yana juya maka hoton kamar madubi, kurakurai suna fitowa fili.

Ɗan Koyo:
Na gwada, katangar ce ta fara kamawa. Inuwar da mayaƙin ya jefa a jikinta fa anti 'Yar Fenti, miƙe zan ja bakinta ko ya zan yi?

'Yar Fenti:
Kar ka miƙe shi, bakin inuwar ya bi hawa da saukar duwatsun, ya faɗa cikin tsaga ya hau tudu ya karkace. Yi haka ka turo mu gani, da kalar da kuma na fari da baƙin.