Siffar tsuntsu a zanen wayar da kai kan cin zarafi a gidan aure

Mai Zane: Assalamu alaikum. Ina shirya zanen fenti don ranar 25 ga Nuwamba, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don yaƙi da cin zarafin mata. Niyyata in zana tsuntsuwa a keji maimakon mace mai rauni a fuska. Shin masu kallo za su gane manufar kuwa?

Malama: Wa'alaikumus salam. Za su gane, amma kejin da ke kulle ya zama gama-gari. Da ni ce, da na bar ƙofar a buɗe, tsuntsuwar na zaune ciki da gashin fukafukanta a fige, domin tambayar da aka fi jifan matan nan da ita ita ce me ya hana su tafiya, alhali tsoro da 'ya'ya da rashin abin hannu ne suka ɗaure su.

Dattijo: Ka duba aikin Frida Kahlo 'yar ƙasar Meziko na shekarar 1935, wanda ta zana bayan labarin wani mutum da ya daddaɓa wa mace wuƙa. Kurciyoyi biyu, fara da baƙa, suna riƙe da ƙyalle mai rubutu a sama, amma ba ta ɓoye jinin ba. Tsorona shi ne kyan tsuntsu ya lulluɓe munin abin.

Malama: Gaskiya ne, Baba. Shi ya sa ya kamata ya rubuta lambar neman agaji a ƙasan zanen.