Musayar waƙa: Kazim Ali ya shigo fadar shayi

Ɗan Birni:
Salamu alaikum ƴan fada. Maudu'in yau Kazim Ali, mai rubuta waƙa da ƙagaggen labari a San Diego ta Amurka. Musulmi ne, kuma bai ɓoye cewa maza yake so ba. Kowa ya amsa da baiti. Na buɗe:

A 1971 Ingila ta ga haihuwa tai,
Iyaye ƴan Indiya, a Kanada ƙuruciya tai,
Uba injiniya, madatsar Jenpeg aiki nai,
Ɗa ya ɗau alƙalami, ya bar lantarki ga baba nai.

Malam Na Zango:
Ɗan Birni ka bar mawaƙa jibge a ƙasar Hausa,
Ka tsallake teku ka kwaso mana na nesa,
Abin da Littafi ya hana ba ya zama wasa,
Ko da muryar zinari aka rera, ni ba ni amsa.

Gwaggon Sabon Gari:
Malam sannu-sannu, rawani ba ya auna zuciya,
Bawan Allah ya yi azumi, ya rubuta shi rana ɗaya-ɗaya,
Littafi guda kan Ramadan, ƙishi da juriya,
Kai naka azumin barcin rana ne da jiran miya.

Fasting for Ramadan sunansa, 2011. Ɗana ke karanta mini, ni Turancina bai wuce na kasuwar Dole ba.

Autan Mirriya:
Gwaggo ikon Allah! Sabon Gari ta ci Zango da ɗango guda. A kai wa Malam ruwa.

Malam Na Zango:
Gwaggo na ji zambo, furfurarki ta hana ni rama,
Azumi ba ya halatta abin da aka hana daga sama,
Auta kuwa ɗan amshin shata ne, ko'ina ya ga dama.

Gwaggon Sabon Gari:
To bar wa Na Sama hukunci, ba kai ke riƙe da littafin ba,
Ja carbinka ɗana, ba a naɗa ka mai gadin Aljanna ba.

Mushe Lakkwal:
Ku dakata. Malam ya kawo ɗango uku a zaren ƙwar huɗu, Gwaggo biyu, na yi shiru don girma. Amma Ɗan Birni, wa ya taɓa cusa 1971 cikin kari? Furta ta ka ji, ita kaɗai ta cinye ɗangon. Kuma tai, tai, nai, nai ba amsa-amo ba ne, lalaci ne.

Ɗan Birni:
Mushe mai jan biro, ko a gidan biki gyara kake,
Shi Kazim ba ya ɗaure waƙa, tasa a sake take,
Ya juya Duras daga Faransanci, kai ina kake?
Kullum dikte, alli ya ci hannu, aljihu a farke.

Marguerite Duras nake nufi, marubuciya ƴar Faransa.

Mushe Lakkwal:
Waƙar da ba kari ba amsa-amo wasiƙa ce,
Karin mutaƙarabi da kamil ba ado ba ne, ƙa'ida ce,
Aljihuna a farke, amma kunnena lafiya lau ne,
Gurguwar waƙa ko daga San Diego ta zo gurguwa ce.

Autan Mirriya:
Mushe, ɗangonka na uku ya ƙare da "ne". Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi!

Malam Na Zango:
Ni dai ina bayan Mushe. Wanda ya saki kari, me zai riƙe?

Ƴar Garin Malam:
Wuta ta ɗauke mana tun la'asar, yanzu nake ganin tulin saƙonni. Kun bar mutumin a tsaye kuna faɗa kan awo. A San Diego ɗin yake koyarwa a jami'a, ya kafa maɗaba'ar Nightboat da wata abokiyar aiki a 2004. Abin da ya kama ni shi ne littafinsa Northern Light, 2021, kan ƴan Cree, ƴan asalin yankin Manitoba a Kanada:

Ya koma Manitoba inda uba ya tare ruwa,
Ya tambayi ƴan Cree me madatsa ta jawo na damuwa,
Gaɓa ta zaizaye, kamun kifi ya shiga tsaka mai wuya,
Ɗan da ya binciki aikin ubansa, ku ba shi gaisuwa.

Gwaggon Sabon Gari:
Ɗiyata ta fi ku duka. Mu da ke kwana layin pampo mun san zafin maganar ruwa.

Mushe Lakkwal:
Ma'ana ta yi, ƙanwata, amma "wuya" ba ta zama da "ruwa". Auta, "ne" ɗin nan da gangan na sa ta. Ɗan Birni, har yanzu ina jira ka yanka mini ɗangon farko gaɓa-gaɓa a gaban jama'a.