Tambaya: yaya zan kashe tarwaɗa ba tare da ta wahala ba kafin in sa ta a fomalin (maganin hana ruɓewa)?

Salam ƴan uwa, don Allah masu karatun kifi ko aikin lab ku taimaka min. Ina Legas, aikin furojet ne, ana so in adana kifaye a kwalba, fomalin kashi 10 tukuna sannan a mayar da su cikin etanol kashi 70. Daga Epe nake sayo su da ransu.

Malaminmu ya ce kar a jefa kifi mai rai cikin fomalin, azaba ce, kuma wallahi nima bazan iya ba. To man kanumfari nake amfani da shi, ina kaɗa shi da ruwan ɗumi a gora kafin in zuba tunda baya haɗuwa da ruwa haka nan. Karfasa kam ba matsala, tana juyawa ta kwanta, murfin kunnenta ya daina motsi.

Tarwaɗa ce ta gagare ni, kun san ita tana shaƙar iska, sai ta taso sama ta ja numfashi ta koma, kana ganin ta mutu ka taɓa ta ta motsa. Buga mata kai kuma zai lalata ƙoƙon kan da ake son dubawa.

Ƙara man zan yi ko lokaci? Sannan MS-222 ɗin nan, maganin sumar da kifi, ana samun sa a Legas kuwa, kuma dole ne sai an haɗa da baking soda?