Wanda ya saba da Ingila, ina zai yi tuntuɓe a Amurka?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Jama'a, tambaya gare ni. Mutum ya saba da zaman Ingila, sai karatu ko aiki ya kai shi Amurka. Me zai fara cin karo da shi? Ba bambancin lafazin Turanci nake nufi ba, abin da zai ci masa kuɗi ko ya ba shi kunya nake son ji.

Baban Iman:
Wa'alaikumus salam. Aljihunsa ne zai fara ji. A Ingila kuɗin da aka liƙa a jikin kaya shi za ka biya, domin harajin kashi 20 cikin 100 yana ciki tuni. A Amurka sai ka isa wurin biya ake ɗora harajin ciniki, kowace jiha da nata, wani lokaci birni ma ya ƙara. A birnin New York ya kusa kashi 9, kayan dala 100 su tashi 108 da ɗoriya. Jihohi irin su Oregon da Delaware ba su karɓar sa.

Sai tukuici, kuma nan ake shan kunya. Gidan abincin da ake kawo maka kan tebur, kashi 18 zuwa 20 ake bayarwa. Ba ganin dama ba ne. Dokar tarayya ta yarda a biya ma'aikacin da ke samun tukuici dala 2.13 a awa, adadin da ba a taɓa ba tun 1991, kodayake wasu jihohi kamar Kalifoniya sun wajabta cikakken albashi. In ka tashi ba ka ajiye komai ba, haƙƙin mutum ka ci a idonsu. A Landan kuwa gidajen abinci da yawa sukan saka kashi 12.5 cikin takardar kuɗin. Duba ƙasanta kafin ka ƙara, kada ka biya sau biyu.

Injiniya:
Malam Ɗan Fagge, a kula da wuta. Ingila bolt 230 ce, da filogi mai ƙafa uku irin wanda muka sani a Najeriya, da fis a cikinsa. Amurka 120 ce. Karanta jikin caja: in an rubuta 100 zuwa 240, kamar ta waya da kwamfuta, adafta kawai kake bukata. Dutsen guga da butar lantarki fa ba haka ba. Butar Ingila mai wat 3,000 in ka jona ta a Amurka ƙarfinta ba zai wuce kusan 800 ba, ka yi ta jiran ruwan shayi. Akasin haka ya fi muni: kayan Amurka a soket ɗin Ingila ƙonewa suke yi, don adafta ba ta rage wuta, siffar ƙafa kawai take sauyawa.

Hajiya Maman Sadiq:
Ƙanina, kwanan wata ya fi duk waɗannan haɗari. 03/04/2026 a Ingila 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris. A takardar biza ko ganin likita, a rubuta sunan watan da harafi. Haka bene: abin da Ba'amurke ke kira hawa na ɗaya shi ne ƙasa, ɗan Ingila kuwa sai ya hau matakala. Masu girki, ma'aunin zafi ma ya bambanta: digiri 350 na Fahrenheit a murhun Amurka kusan digiri 180 ne na Celsius a na Ingila. Cire 32, ninka da 5, raba gida 9.

Magana ma haka. Ɗan Ingila in ya ce aikinka ba laifi, yabo ne babba. Ba'amurke kuwa komai a wurinsa abin mamaki ne, kada kanka ya kumbura.

Baban Iman:
Hajiya ta tuna mini da likita. A Ingila ka kira 999 motar asibiti ta ɗauke ka, ba wanda zai turo maka lissafi. A Amurka 911 ake kira, kuma takardar kuɗi na iya biyo ka gida. Tun kafin mutum ya sauka ya karanta inshorarsa ta lafiya, ya san nawa zai fara biya daga aljihunsa kafin kamfanin ya sa hannu.